Wai wa ya kalli fim ɗin Kwamando da bai yi harbi ba?

Dan_Rigasa:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare an kawo wuta sai na ce bari in kalli wani fim da mai tura finafinai na bakin layinmu ya zuba min a memori, wai sabon fim ɗin Kwamando ne, wato Arnold Schwarzenegger. To sabo dai a wajensa, don ashe tun 2017 ya fito, sunansa Aftermath. Wallahi har gyara zama na yi na ce yau akwai ruwan harsashi, na yi awa ɗaya da rabi ina jira mutumin nan ya ɗauko bindiga ko ya kifar da mota ko dai wani abu irin nasa, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Tsoho ne kawai da furfura a gemu yana yawo da hoto a hannu. Ni ne ban gane ba ko fim ɗin ne ba shi da kai? Kuma mutum irin wannan in girma ya zo ba gara ya koma gida ya yi wasa da jikoki ba?

Sarkin_Kallo_Kawo:
Hhhh Dan Rigasa an ci kuɗinka. Ni ma haka aka yi min, minti ashirin na yi na kashe na koma kallon ƙwallo.

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam. Gaskiya Dan Rigasa kai ne ka shiga da wata niyya daban. Ni ban taɓa zama na kalli fim ɗin mutumin nan har ƙarshe ba sai wannan, don maigidan ne mai son su, ni harbe-harben nan ciwon kai suke sa ni. Amma wurin da ya je filin jirgi da furanni a hannu zai tarbi matarsa da 'yarsa mai ciki, aka ja shi wani ɗaki aka zaunar da shi aka faɗa masa jirgin ya yi hatsari, wallahi sai da na ajiye tsintar shinkafar da nake yi. Bai yi ihu ba, bai fasa komai ba, kallonsu kawai yake kamar da wani yare suke magana. Duk wanda aka taɓa yi wa sanarwar mutuwa ya san haka abin yake.

Sarkin_Kallo_Kawo:
Hajiya ai ba iya wasa ba ne wannan, fuskarsa ce haka tun asali, kamar an sassaƙa turmi. Ko a fim ɗin da ya fito a mutum-mutumi haka take, shi ya sa ma aka ba shi.

Maman_Hanif:
To ko ma dai turmin ne, wannan karon ya dace da sakwarar.

Baban_Khairat:
Ku bari in ɗan yi dogon bayani, masu ƙaramin data ku yi haƙuri. Mu da muka taso a Tudun Wada lokacin gidan kallo na bidiyo, ana biyan kuɗi a ƙofa a zauna kan benci, mu muka san waye Arnold Schwarzenegger. Commando na 1985 na kalle shi ya fi sau ashirin. Ku tuna yadda ya fara, mutum ya saɓo gungumen icce a kafaɗa kamar ya ɗauko rake, sai aka zo aka sace masa 'yarsa, shi kaɗai ya bi su har tsibiri ya gama da runduna guda ya dawo da ita ko ƙwarzane babu. Abin da muka haddace ke nan, akta ba ya mutuwa kuma 'yar akta ba a taɓa ta a kwana lafiya. To yanzu ga mutumin nan dai, kafaɗun nan dai, ya shiga cikin masu aikin sa kai a wurin da tarkacen jirgi ya zube, ya tsinci sarƙar wuyan 'yarsa a ƙasa, sannan ya ga gawarta. Babu bos ɗin da zai bi, babu tsibiri, ƙarfin nan duk ba shi da inda zai kai shi. Ni abin da ya taɓa ni ke nan. Da wani ɗan siririn ɗan wasa aka sa wallahi ba zai yi min nauyi haka ba, don shi dama ba mu taɓa sa ran zai ceci kowa ba. Lokacin da fim ɗin ya fito yana da shekara 69, ni kuma yanzu gwiwa ta fara yi min gardama a sujada, ƙila shi ya sa na fahimce shi.

Dan_Rigasa:
Baba ka yi magana, amma ni fa nishaɗi na je nema ba zaman makoki ba. Wanda muke ciki a gari bai isa ba?

Auta_Badarawa:
Wai ba shi ne Rambo ba?

Sarkin_Kallo_Kawo:
Innalillahi. Admin a cire yaron nan daga gurup. Rambo Stallone ne, Kwamando daban. Auta shekararka nawa don Allah?

Auta_Badarawa:
Yaya afuwan, duk masu ƙwanji ne ai 😂 Amma wannan ɗin shi ne ya yi shugaban ƙasa ko?

Baban_Khairat:
Gwamna ya yi ɗana, na jihar Kalifoniya, daga 2003 zuwa 2011. Shugaban Amurka kam ba zai taɓa yi ba don a Ostiriya aka haife shi, tsarin mulkinsu bai yarda ba. Bayan ya sauka ne ya dawo fim.

Injiniya_Zazzau:
Akwai abin da ba wanda ya ambata, labarin nan fa an gina shi ne kan abin da ya faru da gaske, kuma mu da muka ɗan zauna a aji a kwalejin jiragen sama ta Zariya sai da aka yi mana darasi a kansa. Ran 1 ga Yuli 2002 da daddare jirage biyu suka yi karo a sama kusa da garin Uberlingen a kudancin Jamus. Ɗaya jirgin fasinja na Rasha da ya taso daga Mosko za shi Barcelona, yawancin na ciki yara ne 'yan makaranta za su hutu, ɗayan jirgin kaya na DHL mai matuƙa biyu. Mutum 71, babu wanda ya fita. Yankin saman nan kamfanin Skyguide na Suwizalan ne ke kula da shi daga Zurich, kuma a daren mai ba jirage umarni daga ƙasa, wato mai hasumiya, mutum ɗaya ne a kan aiki yana duba tebur biyu, abokin aikinsa ya je hutawa, ga masu gyara suna aiki an rage ƙarfin na'ura, layin wayar ma ba ya tafiya. Jiragen duka suna ƙafa 36,000, bai lura ba sai da ya rage ƙasa da minti ɗaya, ya ce wa na Rasha ya yi ƙasa. To kowane jirgi akwai na'urar kauce wa karo a cikinsa, tikas muke ce mata, su biyun suna magana da juna. Ta ce wa na DHL yi ƙasa, ta ce wa na Rasha yi sama. Na DHL ya bi na'ura, na Rasha ya bi muryar mutum, sai duka biyun suka yi ƙasa tare. Shi ya sa yanzu abin da ake koyarwa ba gardama, in tikas ta yi magana ita za ka bi ko da mai hasumiya ya ce maka akasin haka.

Maman_Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wato da gaske akwai mutumin da ya rasa matarsa da 'yarsa mai ciki?

Injiniya_Zazzau:
Hajiya cikin nan ƙarin masu fim ne, kuma sun mayar da labarin Amurka. Na gaskiyar sunansa Vitaly Kaloyev, mai zanen gine-gine ne ɗan Rasha yana aiki a Sifaniya, iyalin wurinsa za su. Matarsa ya rasa da ɗansa mai shekara 10 da 'yarsa mai shekara 4. A Fabrairun 2004 ya je har gidan ma'aikacin da ke kan aiki a daren hatsarin, Peter Nielsen, a kusa da Zurich ya daɓa masa wuƙa ya mutu. An yanke masa shekara 8, aka sake shi a 2007, ya koma gida aka tarbe shi kamar gwarzo, har muƙamin mataimakin minista aka ba shi a yankinsu.

Ummi_Malali:
Haba jama'a!! Tun ɗazu nake saukar da fim ɗin saura kaɗan ya gama kun zo kun fasa min ƙwai. Ba a cewa wanda bai kalla ba ya kauce?

Admin_Abba:
Gaskiyar Ummi. Daga nan zuwa ƙasa duk wanda bai kalla ba ya shiga da sanin zai ji ƙarshe. Kuma a kiyaye harshe.

Dan_Rigasa:
To kun ga ma, da an nuna mana wannan na Injiniya ɗin tiryan-tiryan da tikas da komai ai da ya fi daɗi. Su kuma suka tsaya nuna mana tsoho yana kwana a maƙabarta.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Ni ina tsakiya. Fim ɗin yana da nawa, wannan ba ƙarya Dan Rigasa ya yi ba, akwai wuraren da kamara za ta tsaya kan fuska har ka duba ko waya ce ta maƙale. Kuma in gaskiya za a bi wanda ya fi iya wasa a ciki ba Kwamando ba ne, ɗan siririn nan ne da ya fito a ma'aikacin hasumiya, yadda ya zauce, aka bi shi da zagi har gida, matarsa ta ɗauki yaro ta matsa, ya canza suna ya canza gari. Shi ne ya riƙe rabin fim ɗin. Amma akwai fitowa ɗaya da ba zan manta ba, inda lauyoyin kamfanin jirgi suka zaunar da shi suka tura masa takarda da adadin kuɗi, shi kuma ya ɗago hoton iyalinsa yana cewa su kalla, so yake wani ya ce masa yi haƙuri. Suka ƙi ko ɗaga ido. Kuma ni na san dalili, don abin da ake koya wa lauyan kamfani ke nan, kar ka bari wanda kake karewa ya furta kalmar da za a riƙe a kotu a ce ya amsa laifi. Ban haƙuri kyauta ne a wurinmu, a wurinsu kuɗi ne.

Alhaji_Mai_Taya:
Lauya ka taɓo min inda yake min ciwo. Ban cika magana a nan ba, karatu kawai nake. Shekarun baya tirelar wani kamfani ta bi ta kan ƙanena a hanyar Zariya yana kan mashin, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bar mata da yara uku. Mun san kuskure ne, burki ne ya tsinke, direban ma kuka yake a ofishin 'yan sanda. Amma kamfanin nan har aka yi sadakar uku aka yi ta bakwai ba wanda ya tako ƙofar gidanmu. Sai bayan kusan wata biyu suka aiko wani yaro da ambulan da takarda wai mu sa hannu. Mahaifiyarmu ta ce a mayar musu, ta ce ita ba ɗan akuya ta haifa ba da za a aiko da kuɗinsa. Daga baya dattawan unguwa suka sa baki aka karɓa saboda marayu, amma har ta koma ga Allah tana cewa da mutum ɗaya cikin manyansu ya zo ya zauna kan tabarma ya ce Allah ya jiƙansa, da ta yafe har kuɗin. Da na ga tsohon nan yana ɗaga hoto wallahi ita na gani. Ban iya ƙarasa fim ɗin a ranar ba, sai washegari.

Maman_Hanif:
Allah ya jiƙansu Alhaji, ya raya abin da aka bari.

Baban_Khairat:
Amin ya Allah. Allah ya sa sun huta.

Dan_Rigasa:
Allah ya gafarta musu Alhaji. Ka yi haƙuri in maganata ta farko ta yi kama da wasa.

Alhaji_Mai_Taya:
Ba komai ɗana, ai fim ne, kowa da abin da ya je nema.

Malam_Na_Unguwar_Sanusi:
Amin. Sai dai ina so mu yi hattara kar tausayi ya ja mu mu ce kisan da mutumin nan ya yi wa ma'aikacin daidai ne. A shari'a kisan kuskure hukuncinsa a fili yake cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, diyya ce ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Babu ƙisasi a kuskure, kuma ko a kisan ganganci ma hukuma ce ke zartarwa ba mutum ya ɗau wuƙa ya je ƙofar gidan wani ba. Kuma ku lura, diyyar kuskure ba a ɗora wa mutum shi kaɗai, danginsa ne ke haɗuwa su biya, wato an san nauyin ya fi ƙarfin wuya ɗaya. Shi wannan ma'aikacin an bar shi shi kaɗai a kan aiki, aka kuma bar shi shi kaɗai da laifi.

Injiniya_Zazzau:
Malam ka faɗi daidai, kuma kotu ma ta ga haka, don a 2007 an samu wasu ma'aikatan kamfanin su huɗu da laifin sakaci. Kamfanin ya fito ya amsa nasa kuskuren ya nemi gafarar iyalai a 2004 bayan rahoton masu bincike na Jamus, amma lokacin an riga an binne Nielsen.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Ihu bayan hari.

Sarkin_Kallo_Kawo:
Ni fa har yanzu ina kan bakata. Duk wannan da kuke faɗa labarin ne mai kyau, ba shi ne ya iya ba. Ku ɗauki Stallone a Creed na 2015, shi ma tsoho ne mara lafiya ba ya dambe, amma har kyautar Golden Globe ya ci aka kuma sa shi takarar kyautar Oscar. Wannan shi ne tsufa da daraja. Shi kuwa naku shekara hamsin a Amurka har yau harshensa bai karye ba, in ya yi maganar baƙin ciki sai ka ji kamar zai ce zai dawo.

Baban_Khairat:
Ai shi ya sa suka mai da shi baƙo a fim ɗin, ɗan ci-rani mai aikin gini, ka ga harshen ya zauna. Kuma Stallone rigar da ya saba sawa tun 1976 ya sake sawa, Rocky ne dai ya tsufa, mutane na ganinsa tausayi ya riga ya zo. Shi wannan sabuwar riga ya ɗinka.

Ummi_Malali:
Ku dai ba ku da labari, duk wanda ke son ganin jarumin faɗa da ya iya tsufa ya je Indiya. Amitabh da ya gama dukan mutane a shekarun 1970 ya dawo yana sa iyayenmu mata kuka a Baghban, a Piku kuma tsoho mai fama da taurin ciki ya fito kuma ya yi kyau abinsa. Na Amurka sai sun kusa shekara 70 suke tuna ana iya yin fim ba bindiga.

Auta_Badarawa:
Anti ke da kika ce an fasa miki ƙwai me kike yi a nan har yanzu 😂

Ummi_Malali:
Ƙwan ya riga ya fashe, bari in soya.

Bos_Na_Kakuri:
Ni tambayata namu na gida. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna fitowa a mugu ko ɗan daba a finafinan Hausa, da furfura ta fito sai a naɗa musu rawani a ba su fitowa biyu, ɗaya su ce ban yarda da auren nan ba, ɗaya su ce na yafe Allah ya yi muku albarka. Wa ya taɓa rubuta fim sukutum a kan tsohon ɗan tauri da ƙarfi ya ƙare masa? Ga labarai nan birjik a Kakuri, tsofaffin ma'aikatan masaƙa kaɗai sun isa fim goma.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Wa zai saya? Dan Rigasa ne zai fara cewa an ci kuɗinsa.

Dan_Rigasa:
Lauya ka sa min ido fa 😂 To naji, amma ku amsa min wannan tunda an ce a faɗi ƙarshe. Bayan ya fito daga kurkuku ya je kabari, ɗan ma'aikacin hasumiyar da ya kashe ya girma ya biyo shi da bindiga, shi kuma ya ce masa yi haƙuri, yaron ya fasa harbi ya ce ya tafi. Wannan ba rainin hankali ba ne? An yanka ubanka a gabanka kana yaro, ka yi shekaru kana jira, kalma ɗaya ta sauke ka?

Maman_Hanif:
Ai kalmar da shi ya yi ta nema ke nan tun farkon fim ba wanda ya ba shi.

Lauya_Mai_Jiran_Aiki:
Hajiya na gane abin da suke nufi, amma ni nan ne na ga ɗinkin ya fito fili, an gyara shi ya yi kyau da yawa. Wannan ƙarshen masu rubutu ne suka ƙirƙira. Na gaskiyar ya koma gida ne aka yi masa maraba, 'ya'yan wanda aka kashe kuma suka tashi ba uba, ba wani haɗuwa a maƙabarta.

Malam_Na_Unguwar_Sanusi:
Ko ƙirƙira ce ni na fi son yaranmu su ga wanda ya sauke bindiga.

Alhaji_Mai_Taya:
Dan Rigasa ba kalmar ce ke saukewa ba, ganin mutum a gabanka ya sunkuyar da kai ne. Direban nan da na ce muku, duk sallah yana zuwa gaishe da yaran har yau, babban ma shi ya koya masa tuƙi. Ni dai ban taɓa iya cin abinci kwano ɗaya da shi ba, kuma ban taɓa hana shi shigowa ba.

Sarkin_Kallo_Kawo:
To na ji zan sake gwadawa daren yau in an bar wuta, amma in na yi barci ba ruwana. Cikin goma dai yanzu uku na ba shi.

Baban_Khairat:
Ni bakwai. Ka kalla kai kaɗai, ba a majalisar mai shayi ba.

Dan_Rigasa:
Ni biyar, ɗaya ma albarkacin Alhaji ne. Kuma gobe sai mai tura fim ya canza min da Predator kyauta, don ce min ya yi akwai faɗa.

Auta_Badarawa:
Wa ke kusa da Badarawa ya tura min, data ta ƙare. Nawa ne nauyinsa?

Ummi_Malali:
Nawa ya gama sauka yanzu. Maman Hanif in ɗauko hankici ko ba sai na ɗauko ba?